Tawul ɗin Kujerar Kalakta

Shekara talatin da ɗaya ina shimfiɗa farin tawul a bayan kujerar Kalakta, kuma ban taɓa barin tawul guda ya yi kwana biyu a kanta ba. Sunana Nanhe Khan, ni ne odale, wato hadimin ofis na shugaban gundumarmu, wanda ake kira Kalakta. Kalakta goma sha huɗu na tsaya wa a baya, da jan rawanina da ɗamara mai tambarin tagulla. A wajenmu ko kujera ashirin aka jera a taro, ba sai an nuna maka inda za ka rusuna ba. Mai tawul shi ke magana, saura su ce, "Haka ne, Huzur," wato ranka ya daɗe.

Na yanzu, Sahab Rastogi, mutum ne da bai yarda da ko inuwarsa ba. Tun da gwamnatin Delhi ta hana manya ɗora jar fitila a kan mota bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Tasa tana nan a kabad, naɗe a jarida, wani lokacin sai ya buɗe ya leƙa ta. Maimakonta sai ya sa aka ninka girman allon sunansa, ya hana kowa a ofis rubutu da koren biro in ba shi ba.

Tawulan nan kuwa yayata ce ke yi musu kalmasa. Apa Batulan, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Don kada mai wanki ya haɗa su da na ƙananan ma'aikata, takan ɗinka ɗan tauraro da shuɗin zare a kusurwar kowanne. Mijinta ya rasu shekara shida ke nan. Tana zaune a ƙauyenmu Dhawakheri cikin ɗakin laka wanda bangonsa na arewa ya riga ya yi ciki. Duk wanda ya kalli bangon ya san ba zai ga ƙarshen wata daminar ba.

To, a shekarar nan aka ce za a rufe jerin waɗanda gwamnati za ta gina wa gidan bulo. Ranar Alhamis, a makarantar Pipraha, daga safe zuwa ƙarfe uku, za a karɓi takardun ƙarshe. Ni da hannuna na cika mata tata, na manna hoto, na haɗa da shaidar mutuwar mijinta, ta dangwala yatsa.

"Apa, Pipraha," na ce mata. "Ba ofishina ba, ba gidan dagaci ba. Pipraha. Ki tafi tun da sanyin safiya."

"Na ji, sarkin surutu. Ni na koya maka tafiya, yau kai za ka nuna mini hanyar Pipraha?"

Ran Litinin ɗin makon sai ga 'yan fim daga Mumbai sun shigo ofis. Shugabansu, wani Sengupta, wandonsa a yage a gwiwa, amma agogon hannunsa kaɗai ya isa ya gaya maka ba talauci ne ya yaga wandon ba. Ya shigo bai rusuna ba, ya ja kujera ya zauna tun ba a ce ya zauna ba. A bayansa wata siririyar mace mai suna Meher, da ɗan littafi a hannu, tana kallon komai tana rubutu. Ta kalli allon suna, ta rubuta. Ta kalli rawanina, ta rubuta. Tun daga nan na ji ba ta kwanta mini ba.

Sengupta ya ce fim za su yi a kan talakawa, kuma sun zaga ƙauye goma sha biyu ba su ga mai kyau irin Dhawakheri ba.

"Kyau kamar yaya?" in ji Sahab.

"Bangon nan da suka tsattsage, Sahab. Da rana ta karkata, kai, sai ka ga abin sha'awa."

Takardar izininsu daga Lucknow take, fadar gwamnatin jiha, saboda haka babu halin hanawa. Sahab ya sa hannu da koren bironsa yana murmushin da bai wuce leɓe ba. Suna fita ya ce in rufe ƙofa.

"Nanhe, ka yarda waɗannan 'yan fim ne?"

"Ni ma ina da ja, Huzur."

"Wata biyu da na rubuta wa Lucknow cewa gidan laka ya kusa ƙarewa a gundumar nan. Sai kawai ga masu kyamara suna neman gidan laka? A makon da za a rufe jeri? Wani ne ya turo su, kuma na san ko wane ne. Akwai mai harin kujerar nan." Ya dafa tawul ɗin da hannu. "Ƙauyenku ne. Ka je ka zauna da su. Ka shige jikinsu, ka buɗe kunne, ka rufe baki. Maganar ofis ko kalma ɗaya. Musamman wannan mai littafin."

"Haka ne, Huzur."

Abin da na tarar a ƙauye ran Talata, wallahi da wani ne ya ba ni labari sai in ce ƙarya yake. Talaucinmu bai ishe su ba, sai da suka ƙara masa gishiri. Sun sauke farantan talabijin daga kan rufi. Sun tattara kujerun roba sun ɓoye a bayan masallaci. Gidan Ramdin tela, wanda ya yi wa farar ƙasa saboda bikin Diwalin da ya wuce, sun watsa masa taɓo. Akwai wata mata da ba ta da aiki sai jiƙa tsummoki a tukunyar shayi tana shanyawa, ana raba wa mutane su sa a maimakon kayansu. Tsoho Dada Mangal, da ɗansa ya yi masa haƙoran roba daga birni yake ta yi wa kowa murmushi, an roƙe shi ya cire su ya sa a aljihu.

"Nanhe," ya ce mini da bakinsa a lotse, "shekara saba'in ina talauci, yau aka ce ban iya ba."

Kowa na dariya, don ana ba su abinci sau biyu a rana har da nama. Ni ban yi dariya ba. Idona na kan Meher. Duk inda na juya tana nan tana rubutu. Ta ɗauki hoton bangon Apa, ta ɗauki na rijiya. Na ce a raina, ke dai yi ta yi, na gano ki. Da yamma na buga wa Sahab waya na ce zatonsa ya yi daidai.

Ran Laraba na ga suna gwada wani ɓangaren fim ɗin a gindin darbejiyar dandali. Teburi, kujera mai hannu, da wani dogo mai furfura a gefen kunne wanda zai fito a matsayin mugun Kalakta. A bayan kujerar sun rataya wani tawul ruwan hoda mai furanni, irin na otal. Subhanallahi! Na yi ƙoƙarin in kau da kai, na kasa. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce.

"Wannan kujerar wanzami ce ko ta Kalakta?" na ce.

Sengupta ya juyo. "Me ya faru, Khan Sahab?"

Khan Sahab. Ban taɓa jin wani mai agogo irin nasa ya kira ni haka ba. Amma ba wannan ne ya ja ni ba, na dai gaya wa kaina haka. An ce in shige jikinsu, to ga ƙofa ta buɗe. A jakata akwai sababbin tawul uku da na karɓo daga wajen Apa. Na zaro ɗaya, na karkaɗe, na ninka kashi uku, na shimfiɗa yadda gefen zai sauko daidai kafaɗa, na shafe shi da tafin hannu. Na mayar da ƙararrawar teburi hannun dama. Na ce wa dogon ya daina kallon mai magana a ido, Kalakta takarda yake kallo.

Sengupta ya riƙe kai da hannu biyu. "Shi ke nan! Abin da ya ɓace mana ke nan! Khan Sahab, don Allah gobe ka zo da rawaninka da ɗamararka ka tsaya a bayansa. Ba za ka ce komai ba. Tsayuwa kawai."

Na yi ɗan jan aji, sannan na yarda. Na lissafa cewa daga bayan kujera zan ga komai, in ji komai.

Alhamis da hantsi na iso da kayan aikina. Dandali ya cika. An bi da kwando an karɓe wayar kowa, wai kada ta yi ƙara ana ɗauka. Sai ga farar mota irin ta da, mai ƙoƙon baya, ta taho daga bakin ƙauye tana tayar da ƙura, jar fitila na juyi a samanta. Na gyara tsayuwata, ni da na san ta bogi ce. Shekara nawa rabon da mu ga wannan fitilar? Tsofaffi suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su miƙe. Na buɗe wa dogon ƙofa kamar yadda na saba, na bi bayansa, na ja masa kujera, na tsaya.

Mataimakin Sengupta ya ɗaga lasifika ya ce kowa ya shiga layi, ya zo gaban Sahab ya miƙa takardar kokensa, ya faɗi damuwarsa. Sun tanadi wasu takardun banza da za su raba. Ba su raba ko rabi ba, don mutane da nasu suka fito, a naɗe cikin leda, wasu a ƙulle a bakin zane.

Ramdin tela ya zo ya faɗi yadda ruwa ke zuba a kan kekensa. Dada Mangal ya kama ƙafar teburi. Matar Kallu ta ɗaga jaririnta ta nuna tabon da katakon rufi ya yi masa. Dogon yana karɓa yana ajiyewa ba ya ko ɗaga kai, daidai yadda na koya masa. Na ji Sengupta yana raɗa wa mai kyamara cewa bai taɓa ganin mutanen ƙauye masu iya wasa haka ba, hawaye na zuba ba a sa musu komai a ido ba.

Can sai ga Apa a layi, sanye da tsumman shayi. Raina ya ɓaci da na gan ta a haka, amma na ce ai tun asuba ta je Pipraha ta dawo, yanzu abincin rana take nema. Ta iso gaban teburi ta yi sallama, ta miƙa takarda da hannu biyu. Ta ɗago ta kalle ni. Na kafe idona a kan reshen darbejiya, don odale ba ya sanin kowa idan yana bayan kujera. Dogon, ban san abin da ya taɓa shi ba, ya ce mata, "Je ki, Iya, an gama." Sengupta ya ce a bar shi haka, ya yi kyau.

Wajen ƙarfe ɗaya aka tsaya cin abinci. Ina zaune a gefe da gurasata sai ga Meher ta tsuguna kusa da ni, da wasu takardu a hannu.

"Khan Sahab, in tambaye ka mana. Waɗannan ba namu ba ne. Dubi, da hoto, da dangwalen yatsa, da hatimin dagaci. Akwai wani abu da ofishinku ke karɓa ne yau?"

To, ga ta nan. Kwana uku ina jiran wannan tambayar. So take in buɗe baki in ce eh, akwai mutane da yawa marasa gida, ta rubuta a littafinta da sunana a ƙasa, gobe Sahab ya gan shi a teburin Lucknow. Saura wata takwas in yi ritaya.

"Ban sani ba, Madam."

"Ka tabbata? Don matar can ta ce mini—"

"Ni odale ne. Ruwa nake kawowa, ƙofa nake buɗewa. Mutanen ƙauye kowa na da tsofaffin takardu a ƙarƙashin tabarma."

Ta tattara takardun. Ta ce to, ta tashi. Na ci gaba da cin gurasata ina jin daɗin kaina, har ina shirya yadda zan ba Sahab labari.

Aka koma aiki. Sau biyar aka sake ɗaukar layin nan, wai rana ba ta karkata yadda ake so ba. Babu wanda ya bar dandali. Sai bayan la'asar sosai Sengupta ya tafa hannu ya ce an tashi, aka fara mayar wa mutane wayoyinsu.

Ina ninke tawul Meher ta dawo, ta ajiye mini ƙunshi a kan teburi.

"Gobe za a ɗauki wajen da Kalakta ke watsa takardun a kogi," ta ce. "Na musanya su da namu. Waɗannan ban yarda a jiƙa su ba. Ni aikina in rubuta abin da kowa ya sa da inda ya tsaya, don kada gobe a sami bambanci a hoto. Ban san kan takardun gwamnati ba. Kai ka sani."

Na kwance igiyar. Ta farko ta Ramdin ce. Ta biyu ta Dada Mangal. Ta bakwai rubutun hannuna ne, da hoton Apa da na manna da kaina, da shaidar mutuwar mijinta, ta ainihin, mai jan hatimi. Na ƙirga su ina tsaye. Arba'in da uku. Na duba agogon wayata, biyar saura kwata.

Na tari babur zuwa Pipraha da rawanin a kaina. Makaranta a kulle. Maigadi ya ce wani ƙaramin jami'i ya zo a motar haya, ya zauna a kan bencin ɗalibai tun safe yana hamma, mutum tara suka zo daga wasu ƙauyuka, ƙarfe uku na cika ya tattara ya tafi. Ya ce har jami'in ya yi ta kiran lambar dagacinmu ba a ɗauka.

Juma'a tun kafin mai shara na isa ofis. Babban akawu, Saksena, bai ko taɓa ƙunshin ba. Ya ce an rufe jeri jiya, an aika, sai in Sahab ya rubuta da kansa ya nemi a buɗe. Na jira Sahab ya zauna, ya sha shayinsa, na ajiye takardun a gabansa na faɗi komai. Ban ɓoye ko ɗaya ba. Na ce ba 'yan leƙen asiri ba ne, Huzur, 'yan fim ne kawai. Na ce yayata na ciki.

Ya ɗaga kusurwar ƙunshin da bakin biro. "Nawa ne?"

"Arba'in da uku, Huzur."

"Daga ƙauye ɗaya." Ya jingina da kujera. "Jiya na aika cewa tara suka rage a duk yankin. Yau in rubuta in ce a'a, hamsin da biyu ne, kuma dalili shi ne odalana ya tsaya a bayan ɗan wasa da tambarin gwamnati a ƙirjinsa?" Idonsa ya ƙanƙance. "Wa ya ba su tawul?"

"Ni ne, Huzur."

"Tawul ɗina?"

"Naka, Huzur."

"Kuma kana so in yarda wannan duk kuskure ne. Ba shiri ba ne. Ba wanda ya zauna ya tsara yadda za a kawo mini takarda arba'in da uku washegarin rufe jeri." Ya tura ƙunshin da biron har ya kai bakin teburi. "Ɗauke. Ban gani ba, kai ma ba ka kawo ba. In ka sake tayar da maganar nan, sai mu fara da batun wanda ya ara wa baƙi kayan gwamnati. Ka ji ko?"

Bakina ya buɗe da kansa. Shekara talatin da ɗaya yana faɗin abu guda, bai san wani ba.

"Haka ne, Huzur."

Ran Lahadi na tafi ƙauye da ƙunshin a jaka, ina tafe ina tara faɗan da zan yi wa Apa, don na rasa wanda zan yi wa. 'Yan fim sun tashi. An mayar da farantan talabijin, amma taɓon gidan Ramdin na nan. Hadari ya haɗo ta gabas. Na same ta a tsakar gida ta tumɓuke turken akuyarta ta mayar bayan ɗaki, tana share filin da tsintsiya.

"Apa, ban ce miki Pipraha ba? Sau nawa na faɗa?"

"Ka faɗa." Ba ta daina sharar ba. "Ai har na fito. Ni da matar Kallu mun kai bakin rijiya sai muka ji ana cewa Sahab da kansa zai zo dandali. Na ce ƙarya ne, wasan mutanen Mumbai ne, kar ku ruɗe ni. Da motar ta zo da fitila, su Dada suka ce to kin gani. Na ce ko fitila ana saye a kasuwa. Ni fa ba a yi mini wayo, ka san halina."

Ta jingina tsintsiyar da bango, ta juyo tana murmushi.

"Sai na ga ka buɗe masa ƙofa. Na matsa kusa na duba kujerar, ga tauraron da na ɗinka da hannuna. Na ce wa matan, ku kwantar da hankalinku, wannan na gaske ne. Ƙanena ba ya tsayawa a bayan kowa sai Kalakta. Ni na hana su tafiya Pipraha, Nanhe. Na ce ga babba a ƙofar gida, me za mu je yi wajen yaransa?"

Na ji jakar ta yi mini nauyi a kafaɗa. Ban iya sauke ta ba, ban iya buɗe ta ba.

"Ka ji abin da ya ce mini ai, kana tsaye. Ya ce an gama." Ta nuna filin da ta share. "Nan nake so su sauke bulon. Ka ga ya isa, ko in sare wannan gwandar ma?"

Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin kwanon maƙwabta. Ta ɗaga kai ta kalli sama, ta shiga ɗaki da sauri ta fara jera tukwane a wuraren da ta san yana zuba, tana kirana in zo in kama mata gado mu janye shi daga jikin bangon arewa.